Tsattsewar Zauren Malam

A gidan da na tashi a Ringim, yaro yana iya harbin gwara da danƙo, ya ɗana wa kurciya tarko, ya hau darbejiya ya kwaso ƙwan tsuntsu, babu mai ce masa kanzil sai dai in ya yaga riga. Tsuntsu ɗaya tak aka yi mana iyaka da shi, ita ce tsattsewar da ke sheƙa a zauren kakanmu, wanda gari duka ke kira Malam. Wasu bilbilo suke ce mata. Ba a harbinta, ba a korarta, ba a zungurar sheƙarta da kara, kuma ba a rufe ƙofar zaure da rana matuƙar tana da 'ya'ya a ciki. Iyayenmu ma a cikin wannan doka suka buɗe ido.

Zauren na ƙasa ne, rufin azara, bangonsa mai kauri, ko a tsakiyar bazara in ka shiga sai ka ji sanyi ya ratsa ka. A nan Malam yake zama a kan buzunsa, almajirai na kewaye da shi da alluna, a nan ake ɗaurin aure, a nan ake zaman makoki, a nan matafiyin da dare ya yi masa yake shimfiɗa tabarma. Sheƙar tana can sama a kusurwar gabas, inda azara ta shiga bango. Faɗinta bai wuce tafin hannun babban mutum ba, buɗe take ta sama, kuma ta laka ce zalla in ban da 'yan zaren ciyawa da ke leƙowa.

Ita kanta tsuntsuwar ba ta kai gwara ƙiba ba, tsawonta kimanin santimita 13. Bayanta baƙi ne mai sheƙin shuɗi idan rana ta buga shi, cikinta fari, goshinta ja-ja, wutsiyarta ta rabu biyu. Ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, shi ya sa ba ka ganinta tana tsalle-tsalle a tsakar gida tana tsintar tsaba. Ba ma ta cin tsaba. Ko a shanya gero a gabanta ba za ta kalle shi ba. Abincinta yana sama, kuma a sama take kama shi. Abu ɗaya ke sauko da ita ƙasa, shi ne laka.

Wannan ɗiban laka shi ne abin da muka fi so mu kalla. Da zarar shamuwa ta sauka a kan kukar bayan gari, aka yi ruwan farko, kududdufin unguwarmu ya ɗan kama ruwa, sai ka ga tsattsewa jere a bakin taɓo, fukafukai a ɗage don kada su ɓaci, suna caka baki suna dunƙula laka. Kowacce ta cika baki sai ta tashi ta nufi gidan da ta zaɓa. Namiji da mace duka suna aikin. Tana zuwa sai ta manna curin a bango, ta danna shi da baki tana girgiza kai har ya zauna, ta koma ta ɗebo wani. Da hantsi ya yi sosai sai su bar aikin su tafi kiwo, sai gobe. Wani tsohon magini da ke yi mana yaɓe duk shekara ya taɓa tsayawa yana kallonsu, ya ce wa Malam, “Allah ya gafarta Malam, wannan ai 'yar sana'armu ce. Dubi, sahu ɗaya take ɗorawa ta bari ya sha iska. Mu ma in muka yi gaggawa muka jera tubali a kan ɗanye, bangon zubewa yake.” A shekarar da ake gini a unguwa kuwa ba ta jiran ruwan sama. Wurin da magina suka kwaɓa ƙasa take zuwa ta ɗiba abinta, ba ciniki. Masu binciken tsuntsaye a Turai sun ƙirga curin laka kimanin dubu a sheƙa ɗaya ta 'yar uwarta ta can, kowane curi kuma tafiya guda ce. Idan ta gama, sai ta shimfiɗe ciki da busasshiyar ciyawa da gashin kaji, wani lokaci har da gashin wutsiyar doki. Ba kullum take sabon gini ba. In tsohuwar sheƙa tana nan da ƙarfinta, sai ta ƙara mata baki, ta sabunta shimfiɗa, ta shiga.

Hana mu taɓawa bai hana mu son gani ba. Yayanmu ne ya samo dabara: ya ɗaure fasasshen madubi a kan dogon kara, ya ɗaga shi sama da sheƙar, mu kuma muka taru a ƙasa muna leƙe. Malam ya ga abin da muke yi, ya yi kamar bai gani ba, daga baya ma ya ce a karkato madubin ta wajensa. Ƙwai uku ne, farare masu ɗigo-ɗigon ja. Haka yawanci take yi, uku, wani lokaci biyu ko huɗu. Tana kwanci kimanin mako biyu. Alamar an ƙyanƙyashe ita ce ka wayi gari ka tsinci ɓawon ƙwai a ƙasa lokacin shara.

Daga ranar kuma zaure ya zama hanya. Tun daga fitowar rana har magariba iyayen suna shiga suna fita, suna wucewa daf da kawunan almajirai, karatu na tashi da ƙarfi, ko a jikinsu. 'Ya'yan tsirara suke zuwa, ido a rufe, ba ka ganin komai sai bakuna masu gefe rawaya da ke wangalewa da zarar inuwar uwa ta gifta ƙofa. Ba ƙwaro ɗaya take kawowa ba. Takan tara da yawa a maƙogwaro ta dunƙule su, ta zo ta dura wa ɗaya, ta juya. Tsayawarta a bakin sheƙa ba ta kai ƙiftawar ido uku ba. A kwanakin farko tsafta ma a wuyan iyayen take: kashin 'ya'yan yana fitowa a naɗe cikin wata farar fata, uwa ta ɗauka a baki ta fita da shi ta yar a waje. Sai sun yi wayo suke juya baya su saki nasu ta bakin sheƙa. To, a nan ne rigima take farawa, don an ce zo mu zauna, zo mu saɓa.

Wata Juma'a Baffanmu ya ci ado da farar babbar riga, ya shigo gaida Malam kafin a tafi masallaci, ya durƙusa daidai ƙarƙashin sheƙar. Abin da ya faru ya faru. Ya miƙe yana duba kafaɗa, ya ce, “Malam, tsuntsun nan fa ya fara wuce gona da iri. A bari in sa yara su sauke shi.” Malam bai ɗaga kai daga littafinsa ba ya ce, “Kai da ita wa ya riga wani zuwa zauren nan? Baƙonka annabinka. Je ka goge, ba najasa ba ne.” Da gaske yake, ba zolaya ba. A mazhabar Malikiyya tsuntsaye halal ne a ci, kuma kashin abin da ake ci tsarkakakke ne muddin ba najasa yake kiwo a kai ba. Baffa ya goge kafaɗarsa ya tafi masallaci yana ƙunƙuni. Abin da aka yi daga baya shi ne aka zuba yashi a tsohon faifai aka ajiye a wurin, share shi kuma ya zama aikina.

Kakarmu Iya ba ta shiga zaure, amma ita ce ta fi kowa tsare dokar. Hanyarta daban ce. Takan ce mini, “Maigidana, ka ji na gaya maka, duk yaron da ya taɓa ƙwan tsattsewa hannunsa rawa zai dinga yi har tsufansa, ba zai iya rubutun allo ba. In kuwa ka taɓa ɗanta, uwar ta ji warin hannunka, ta bar shi ke nan.” Duka biyun babu mai tushe. Ƙananan tsuntsaye ba sa gudun 'ya'yansu don mutum ya taɓa su, kuma idan ɗa ya faɗo abin da ya dace shi ne a mayar da shi. Amma ban ga laifin Iya ba. Yaro ɗan shekara bakwai mai danƙo a aljihu ba ya jin dogon bayani, tsoron rawar hannu kuwa yana ji. Ita ce kuma take ce mana tsattsewa ce tsuntsun da Allah ya aiko wa rundunar giwa lokacin da Abrahata ya nufi Ka'aba. Da na kai wa Malam wannan magana, sai ya gyara ta. Ya ce Alƙur'ani bai ambaci irin tsuntsun ba, amma a littattafan sira an siffanta su da cewa sun yi kama da tsattsewa, daga nan mutane suka ɗauka. Ya ƙara mini da abin da ya karanta a Hayatul Hayawan, littafin dabbobi na Damiri, malamin Masar da ya rasu a 1405, cewa Larabawa suna kiranta tsuntsun Aljanna, saboda ta kame daga abincin da ke hannun mutane, shi ya sa suke ƙaunarta. Na daɗe ina juya wannan dalili. Gwara tana zaune da mu tana cin hatsinmu, kaza tana zaune da mu muna cin ta. Tsattsewa ce kaɗai ta zauna cikin ɗakinmu ba ta ci namu ba, ba mu ci nata ba.

Wanda bai ga tsattsewa ranar fitar shinge ba bai ga tashinta ba. Bayan an ɗauke ruwa da yamma, ƙasa na ƙamshi, sai shinge ya fara ɓullowa daga ramuka yana tashi sama. Kafin ka ce kwabo sararin unguwa ya cika. Tsattsewar zaurenmu, da na maƙwabta, da wasu da ba mu san daga inda suka fito ba, duk su hallara, suna yankar iska, suna kifewa, suna tasowa, kana jin ƙarar haɗuwar bakinsu idan sun cafke. Mu muna ƙasa muna tsalle da tsumma, kaji na guje-guje, ƙadangaru na gyaɗa kai a kan katanga, kowa da rabonsa. A sauran ranaku kuwa takan bi garken shanu idan Fulani sun ratsa ta bayan gari, tana kama ƙudajen da ƙafafunsu ke tayarwa daga ciyawa. Tana zuwa mahauta, tana zuwa bakin kasuwa. Ruwa ma a tashi take shan sa: ta sauko ta shafi fuskar kududdufi da ƙasan baki ta wuce, sai dai ka ga ɗan layi a kan ruwan. Manoma suna karanta ta. Idan ta yi ƙasa-ƙasa tana shafar kan shuka, sukan ce a tattara shanya. Akwai gaskiya a ciki, don idan iska ta yi sanyi da laima kafin hadari, ƙwari ba sa yin sama, ita kuwa inda suke take bi.

Sau da yawa nakan ji masu son ta suna cewa ita ce maganin sauro. Wannan yabo ya yi yawa. Sauron da ke sa zazzaɓi da dare yake fita, lokacin ita ta daɗe da kwanciya. In ta kama shi, da magariba ne ko da sassafe, kuma ba shi ne cimarta ba. Abin da ta fi ci ƙuda ne, da tururuwa masu fiffike, da shinge, da ƙananan buzuzu. Aikin dare na jemage ne, wanda ba wanda ya taɓa yi masa godiya. Ba sai an ƙara wa tsattsewa abin da ba nata ba kafin a ƙyale ta. Ƙudan da take ragewa a gidan da ake ɗaure awaki ya isa.

Tana da waƙa, amma ba irin ta kanari da ake sa wa a keji ba. Wani siririn surutu ne mai gudu, takan zauna a kan igiyar shanya ko bakin indararo da sassafe ta yi ta zuba shi. Idan ta ga mage kuwa muryar canzawa take, ta koma tsawa gajera mai kaifi. Magen gidanmu ta sha wahala a hannunsu. Da ta doso zaure sai su biyun su taso mata, ɗaya ta faɗo daga sama ta shafi kunnenta, kafin ta juya ɗayar ta zo ta baya. Mage da girmanta sai ta kwantar da kunne ta shige ƙarƙashin rumbu. Abin da ba su iya masa shi ne ɓera da ke bin azara da dare, da kuma gwara, wadda in ta sami sheƙa babu kowa takan cusa ciyawarta ta mallake.

Kimanin mako uku da ƙyanƙyashewa, ko da ɗan ɗori, 'ya'yan sun yi gashi sun cika sheƙa har suna tura juna. Sai iyayen su rage kawo abinci, su riƙa shawagi a bakin ƙofa suna kira. Tashin farko ba ya wuce daga sheƙa zuwa turken da Malam ke rataya gafaka. Kwana biyu sai ka gan su jere a igiyar shanya, wutsiya guntuwa, suna karkaɗa fukafukai ana ba su a baki. Da magariba su dawo zaure su kwana. Ana haka uwar ta sake gyara shimfiɗa, don a damina mai kyau sau biyu take ƙyanƙyasa.

Daminar 1973 ba mai kyau ba ce. Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Hausa a lokacin ya san farin da aka yi, shanu suka mutu, mutane suka yi ta gangarowa daga arewa. Kududdufinmu bai tara ruwan kirki ba, ƙasansa ya tsattsage. A shekarar tsohuwar sheƙar ta ɓalle ta faɗo, ga shi babu taɓo. Sai muka ga tsattsewa ta koma sauka a ƙofar gida, gefen dakali, daidai inda Malam da baƙinsa suke alwala, wurin da ba ya rabuwa da danshi. Da wannan 'yar laka ta ruwan buta ta gina sabuwa. Malam ya hana a zuba toka ko yashi a wurin har ta gama. Sau ɗaya ta ƙyanƙyasa, ɗa ɗaya ne ya tashi. Na girma kafin na san cewa farin ƙasarmu har a Ingila an ji shi a jikin tsuntsaye. Wata 'yar uwar tsattsewa mai haƙa rami a gaɓar kogi, wadda ke hayayyafa a can ta zo yankinmu cin rani, ta ragu ƙwarai bayan ƙarancin ruwan 1968, ta sake raguwa bayan farin 1983 zuwa 1984. Can suna ƙirga ramukan da babu kowa, nan muna ƙirga rumbunan da babu komai.

Maganar Ingila ta tuna mini da tashar jirgin ƙasa. Layin dogo na Kano zuwa Nguru ya bi ta garinmu, kuma da kaka, wajen watan Satumba da Oktoba, wayoyin da ke bin layin sukan cika da tsattsewa, jere reras. Da muka lura sai muka ga ba irin tamu ba ce. Wannan maƙogwaronta ja ne sosai, da baƙin zobe a ƙirji, wutsiyarta ta fi tsawo. Ba ta ɗiban laka, ba ta shiga zauren kowa, kwana kaɗan ta ɓace, sai kuma wajen Maris ko Afrilu ta sake giftawa. Wani ma'aikacin tasha ya ce mana daga Turai suke. Muka yi masa dariya a bayan idonsa, muna cewa zafin rana ne ya taɓa shi. Ashe shi ne mai gaskiya. Tsuntsuwa mai nauyin kimanin giram 20 tana ƙetare Bahar Rum da Sahara sau biyu a shekara. An tabbatar da haka tun da daɗewa: wata da aka sa wa zobe a ƙafa a Ingila a watan Mayu na 1911, an kama ta a Natal ta Afirka ta Kudu a Disamba 1912. Wasunsu ma a Najeriya suke yada zango. A ƙauyen Ebbaken kusa da Boje, a ƙaramar hukumar Boki ta jihar Kuros Riba, akwai tuddai masu dogayen ciyayi inda aka ƙiyasta sama da miliyan ɗaya suna kwana a lokacin hunturu. Mutanen wurin sun daɗe suna kama su don ci, har masu kare tsuntsaye suka shiga tsakani. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a can Turai ma a rumfar shanu da barandar gidaje take sheƙa. Ita ma tsattsewar zauren wani ce.

Akwai kuma waɗanda ke cincirindo a ƙarƙashin gada da rufin manyan gine-gine, baƙaƙe masu farin ƙugu, suna ihu tare da yamma. Mu duk tsattsewa muke ce musu, amma ba dangi ba ne. Waɗannan ba sa iya zama a kan waya, sai dai su maƙale a bango, kuma da gashi da ciyawa da yawu suke manna sheƙarsu.

Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, aka gina sababbin azuzuwa masu rufin kwano, babu sili, tagogi babu gilashi. Kafin a gama rubuta sunayen yara a rajista tsattsewa ta riga ta kama wuri a kan katakon rufi. Na tuna malamin lissafi yana bayani a allo, aji duka kai a sama ana kallon yadda ake ciyar da 'ya'ya. Ya yi faɗa ya gaji, daga baya ya ce mu ƙirga sau nawa uwar za ta shigo kafin a buga ƙararrawa, mu ninka da awannin yini. Ban manta ninkawa ba tun daga ranar.

Malam ya rasu, zauren ya ci gaba da tsayuwa wasu shekaru. Ruwan watan Agusta na 1988, wanda ya fasa madatsar Bagauda ya rusa gidajen ƙasa masu yawa a tsohuwar jihar Kano, shi ya zubar da gefe ɗaya na rufin. Da aka tashi gyara sai aka rushe sauran aka yi na bulo da siminti, aka buga kwano da sili, aka shafa fenti mai santsi, aka sa ƙofar ƙarfe. Ba zan zargi waɗanda suka yi haka ba. Azara ta yi tsada don giginya ta yi ƙaranci, yaɓen kowace shekara wahala ne, kuma ba wanda ke son kwana yana sauraron ko rufi zai faɗo masa. Amma laka ba ta kama fenti mai santsi, sili ya rufe duk wata kusurwa, ƙofa kuma a rufe take wuni. Tsattsewa ta zo damina ta gaba ta yi ta shawagi a ƙofar, ta manna 'yan curi suka zube, ta haƙura. Kududdufin ma an cike shi da shara, yau gidaje ne a kansa. Ga fiya-fiya da ake fesawa ko'ina, a ɗaki da turke da gona.

Mai tsufa yana son ya ce komai ya ƙare, amma tsattsewa ba ta ƙare ba. Ba ta cikin tsuntsayen da ake fargabar ɓacewarsu, hasali ma ta ƙara yaɗuwa zuwa kudancin Najeriya, inda aka sare daji aka yi gine-gine. Tana nan a ƙarƙashin kwalbati, a barandar makarantu, a masallatan unguwa da ba a rufe tagoginsu, a kangwayen da masu su suka kasa ƙarasawa. Ita ta sami mafita. Mu ne muka yi asara. Yaron da ya tashi a zaure irin namu ya ga gini, da kwanci, da reno, da yaye, duk a saman kansa, ba tare da an kai shi ko'ina ba. Ya kuma koyi cewa akwai abin da hannunsa zai iya kaiwa amma ba a taɓawa. Jikokina a Kano sun san sunayen dabbobin dajin Kenya daga talabijin, amma da na nuna musu tsattsewa a kan wayar lantarki sai suka ce gwara ce. Kuma ba ita kaɗai ƙofar ƙarfe ta tsare a waje ba. Matafiyin da a da yake sallama a zaure ya sami tabarma da tuwo, yau a tasha yake kwana. Na san dalilin rufe ƙofa, na kuma san halin tsaron da ake ciki, ni ma tawa a rufe take.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne samarin da nake gani yanzu da madubin hangen nesa a wuya. Akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI a Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma tun 2015 ake wani aiki na zana taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa-kai, har da matasan Arewa maza da mata, suke rubuta abin da suka gani a unguwanninsu da wayar hannu. A zamaninmu da an ga saurayi yana bin tsuntsu ba don ya ci ba, da an fara nema masa rubutu.

Ga mai karatu da tsattsewa ta zaɓi barandarsa, ko garejinsa, ko shagonsa a wannan damina, roƙona kada ya sa tsintsiya. In kashin ne damuwa, a buga ɗan katako a bango kamar taƙi biyu ƙasa da sheƙar, ko a ajiye kwali a ƙasa a riƙa sauyawa. In wurin ana rufe shi, a bar mata 'yar kafa a saman ƙofa ko taga. Kada a fesa maganin ƙwari kusa da 'ya'yan. Daga ranar da ta yi ƙwai zuwa ranar da za su tashi, abin bai fi mako shida ba. A kuma kira yaran gida su zo su kalla.